Yadda Ake Fara Zaman Tirelar Kwana a Amurka Kai Kaɗai, da Yadda Ake Samun Zango

Tun ranar da na sa hoton tirelata a gefen wani tafki saƙonni ba su yanke ba. Wani daga Bronx, wani daga Houston, wata baiwar Allah daga Maryland, kuma tambayar kusan ɗaya ce: nawa aka kashe, da wace mota ake ja, a ina ake kwana? Maimakon in yi ta amsawa ɗaya bayan ɗaya, ga shi na jera abin kamar yadda ya kamata a bi shi. Abin da nake nufi da tirelar kwana shi ne ɗakin tafi-da-gidanka da ake ɗaurawa a bayan mota, mai gado da kicin da banɗaki, cikin dangin abin da Amurkawa ke kira RV. Wurin da ake sauka kuwa zango zan riƙa ce masa, kamar na fatake.

Abu ɗaya ka riƙe kafin mu fara: a wannan tafiya kai ne direba, kai ne yaron mota. Babu mai sa maka waigi, babu mai tsayawa a baya yana cewa "taho, taho, ya isa". Duk abin da mutum biyu ke rabawa kai kaɗai za ka yi, saboda haka tsarin matakan ya fi ƙarfin hali muhimmanci. Ina magana da "ka" ne don sauƙi, amma mata masu wannan zama su kaɗai suna da yawa a hanya.

1. Fara da mota, ba da tirela ba

Mafi yawan masu asara a nan suke yi. Mutum ya shiga wurin dillali, ya ga tirela mai ƙyalli, ya biya, sannan ya gane motarsa ba za ta iya ba.

Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin. Akwai wata takarda mai ruwan ɗorawa da fari da ke faɗin iyakar nauyin mutane da kaya da motar za ta ɗauka. Wannan adadin ya fi wanda ake talla da shi, wato nauyin da mota za ta iya ja, saurin ƙarewa. Dalili kuwa shi ne wuyan tirela yana danna bayan mota da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta gaba ɗaya, kuma wannan dannin a cikin kayan mota ake lissafa shi.

Ga misali. Takardar ta ce laba 1,500, kusan kilo 680 ke nan. Tirelar da kake so idan ta cika tana kai laba 5,000. Wuyanta zai ɗauki kamar 650. Ƙugiyar ja kanta kusan 100. Kai 180. Janareto, akwatin kayan aiki da buhun shinkafa, a ce 300. Ka kai 1,230, saura kaɗan. Wannan haɗin ya yi. Da tirelar ta kai laba 7,000 da ka kai bakin iyaka, ko da littafin motar ya ce tana jan 9,000.

Gargaɗi: kada ka yi lissafi da nauyin tirela babu kaya, wanda dillalai ke son faɗa. Yi da mafi girman nauyin da aka yarje mata, wanda ke rubuce GVWR a takardar da ke gefen hagu ta gaba. Ruwa kaɗai, galan ɗaya ya haura laba 8. Tankin galan 40 ya ƙara maka laba 330 ba ka sa ko tabarma ba.

Lasisin tuƙi na yau da kullum ya isa ga irin ƙananan tirelolin da nake magana a kai.

2. Zaɓen tirela

Ga mutum ɗaya, ƙafa 16 zuwa 22 ta wadatar. Gajeriya tana shiga tsofaffin zangunan gwamnati da aka gina tun kafin tireloli su yi girma, tana shiga gidan mai ba tashin hankali. Kafin ka saya, yi hayar irinta kwana uku a shafukan haya irin Outdoorsy ko RVshare. Kuɗin hayar ya fi nadama arha.

Ni na fi son ta hannu. Sabuwa darajarta faɗuwa take tun daga ƙofar dillali, ga bashin shekaru goma ko fiye da ake cusa wa mutane, wanda mu da yawa ba ma so saboda kuɗin ruwa. Da dala 8,000 zuwa 20,000 ana samun ƙarama mai kyau. Masu jikin roba mai tauri da aka zuba a ƙwarya biyu, irin Casita da Scamp, ba su cika yoyo ba, shi ya sa ko tsofaffinsu ke tsada.

Babban makashin tirela ruwa ne. Idan ka je dubawa, cire takalmi ka taka ko'ina, musamman gaban banɗaki da bakin ƙofa. Inda ƙasa ta yi laushi, katako ya ruɓe. Buɗe akwatunan sama ka shafa kusurwoyi, ka shinshina. Tsaya a waje ka kalli bango ta gefe: idan ya kumbura kamar kunkuru, ruwa ya shiga tsakani. Hau tsani ka duba liƙin rufi. Ka ce mai ita ya kunna firji tun daren jiya, domin firjin gas yana ɗaukar sa'o'i kafin ya yi sanyi.

Gargaɗi: kada zanen taya ya ruɗe ka. Tayar tirela tsufa ke kashe ta, ba ci ba. A gefenta, bayan haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Ta wuce shekara biyar ko shida, sa kuɗin sababbi a cikin ciniki. Wasu zangunan 'yan kasuwa kuma ba sa karɓar tirelar da ta haura shekara goma sai sun ga hotonta.

3. Kayan da ba a tashi sai da su

Na farko ƙugiya mai rarraba nauyi da hana lilo, dala 300 zuwa 800. Na biyu na'urar birkin tirela da ake sawa kusa da sitiyari, in motar ba ta zo da ita ba. Jihohi da yawa sun wajabta birki ga tirelar da ta kai laba 3,000, wasu ma ƙasa da haka. Ka tabbata dunƙulen ƙugiyar ya dace da bakin tirela. Girma biyu aka fi samu, inci 2 da inci 2 5/16, kuma a ido kusan ɗaya suke. Ƙaramin dunƙule a babban baki yana kamawa kamar gaske, sai an hau rami ya fice.

Sauran kayan: waigi huɗu, tubalan ɗaga taya, ma'aunin lebur irin na magina, farin tiyo na ruwan sha, mai rage ƙarfin ruwa, tiyon masai da safar hannu, na'urar kare wuta da ake sawa tsakanin sandar zango da wayarka, ma'aunin iskar taya, da madubin gefe mai tsawo. Tare da ƙugiyar, ware dala 1,000 zuwa 1,500. Ƙara da rajistar masu kai ɗauki a hanya, amma karanta da kyau ka ga ta haɗa da jan tirela. Wata rajistar motar kaɗai za su ɗauka su bar maka gidanka a gefen titi.

4. Adireshi da inshora

In gwaji kake yi, bar adireshinka yadda yake. In ka saki haya gaba ɗaya, dole ka sami jihar da za ta zama gida a takarda. Masu wannan zama sun fi zaɓen Texas, Florida da South Dakota, don ba su da harajin jiha a kan albashi kuma suna karɓar adireshin kamfanonin tura wasiƙu. Ƙungiyar Escapees da ke Livingston a Texas ta daɗe tana wannan aiki. Faɗa wa kamfanin inshora gaskiya cewa a ciki kake zama. Inshorar mai fita hutu daban take da ta mai zama dindindin, kuma ranar tsautsayi ake gane bambancin. Mai riƙe da katin zama ko wanda takardunsa ke hannun hukuma, kada ya manta doka ta ce a sanar da canjin adireshi cikin kwana 10.

5. Ɗauri da koyon ribas

Rubuta matakan ɗauri a takarda ka manna a cikin ƙofa. Baki a kan dunƙule, a kulle, a sa fil. Ɗaga wuyan da jak kaɗan: in bayan mota ya taso tare, ya kama. Sarƙoƙi biyu a gicciye a ƙarƙashin wuya. Siririyar wayar birkin gaggawa a jikin mota, ba a jikin sarƙa ba. Filogin fitilu mai baki bakwai. Jak sama, ƙafafun kusurwa sama, matakala ciki, tagogi da murfin rufi a rufe. Waigi shi ne na ƙarshen cirewa. Sannan ka zagaya sau biyu.

Gargaɗi: idan wani ya zo gaisuwa kana tsakiyar ɗauri, amsa masa, sannan ka koma mataki na ɗaya. Mutanen zango akwai son hira, mu kuma ba mu iya yanke gaisuwa ba. Haka na taɓa tashi da wayar wuta a jone, Allah ya sa wani dattijo ya ɗaga mini hannu kafin in tumɓuke ta.

Ribas kuwa, nemi filin ajiye motoci da babu kowa da sassafe ranar Lahadi, ka jera robobin ruwa. Sa hannunka a ƙasan sitiyari. Inda ka kai hannun, nan bayan tirela zai nufa. A hankali, juyi kaɗan kaɗan. Ta fara karkacewa, ja gaba ka miƙe ka sake. Shiga ta ɓangaren direba don kana ganin gefen da kake lanƙwasawa. Kuma ka sauko ka duba, ko sau goma ne. Masu kallo su kalla, su ma haka suka fara. A makonnin farko nemi gurbin da ake shiga ta gaba a fita ta gaba, ko da ya ɗara tsada.

Bayan ka loda komai, je sikelin manyan motoci na CAT Scale a tashoshin mai na 'yan tirela. Kuɗin bai kai dala 20 ba, kuma shi zai faɗa maka ko lissafin mataki na ɗaya ya tsaya. Kaya masu nauyi a kan tayoyi ko gaba kaɗan. Nauyi a wutsiya shi ke kawo lilo. In lilon ya taso, ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe, matsa birkin tirela da hannu. Kada ka taka na mota da ƙarfi.

6. Neman zango

Nan ne aka fi tambaya, kuma nan zan daɗe. Zango iri huɗu ne, kuma mai zama dindindin yana cakuɗa su ne gwargwadon aljihu.

Na farko na 'yan kasuwa, irin KOA da dubban masu zaman kansu. Wuta, ruwa, ramin masai, wurin wanki, komai a gurbinka. Dala 40 zuwa 80 a dare, a bakin teku ko kusa da manyan birane ya fi haka. Kuɗin wata ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, sai dai wuta a mita take. Makonka na farko a irin wannan za ka yi shi, kusa da gida, kusa da shagon kayan gyara. A nan za ka gano abin da ka manta da abin da ba ya aiki.

Na biyu na gwamnati. Na tarayya a Recreation.gov ake kama su, kuma da yawa ana buɗe su wata shida kafin ranar, da ƙarfe 10 na safe agogon gabas. Masu farin jini cikin mintuna suke ƙarewa, don haka buɗe asusu tun da wuri, ka zaɓi gurbi uku, ka zauna a gaban kwamfuta kafin lokaci. Yawancin zangunan manyan gandun shaƙatawa na ƙasa ba su da wuta a gurbi. Waɗanda na fi so su ne na rundunar injiniyoyin soja, da ke gefen madatsun ruwa musamman a kudu da tsakiyar ƙasar: fili wadatacce, yawanci da wuta, kuɗi daidai talaka, iyakar zama kwana 14. Na jihohi kowace da shafinta, kusan dala 20 zuwa 45. Katin America the Beautiful na shekara kuɗin shiga wuraren shaƙatawa na tarayya yake ɗauke maka, ba kuɗin kwana ba. Na 'yan shekara 62 zuwa sama ne ke rage rabin kuɗin kwana a wurare da yawa.

Dabarar da ta fi yi mini aiki: ka kama Juma'a da Asabar tun da wuri, sauran kwanakin mako ba sa wahala. Hutun ƙarshen Mayu, 4 ga Yuli da Litinin ta farko a Satumba, in ba ka kama tun watanni ba, to ka shirya kwana a daji. Idan wuri ya cika, riƙa leƙawa kwana biyu ko uku kafin ranar, lokacin ne mutane ke fasawa. Kuma karanta tsawon gurbi. Tirela ƙafa 20 da a-kori-kura ƙafa 19 sun kusa 40 ke nan.

Na uku daji, kyauta. A jihohin yamma, Arizona, Utah, Nevada, Wyoming da maƙwabtansu, akwai filayen BLM, hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya, da gandun dajin ƙasa inda za ka ya da zango ba ko sisi. Ƙa'idar BLM a yawancin wurare kwana 14 ne cikin kwana 28, sannan ka matsa nesa. A gandun daji nemi taswirar hanyoyin mota ta hukumar, wadda ke nuna inda aka yarda a tsaya. Manhajojin Campendium, iOverlander da The Dyrt suna nuna wurare da sharhin waɗanda suka kwana, har da ƙarfin sabis na Verizon, AT&T da T-Mobile. Karanta sharhin baya-bayan nan, don ruwan sama ɗaya yana canza hanya. Da sanyi kuwa jama'a Quartzsite suke kwarara, a hamadar Arizona, inda BLM ke da filayen dogon zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu da izini ɗaya, ga famfo ga wurin zubar da masai.

Gargaɗi: kada ka shiga hanyar ƙasa da ba ka sani ba da tirela a baya. Tsaya a bakin hanya ka taka da ƙafa, ko ka kwance ta ka shiga da mota kaɗai. Abin da kake nema wurin juyawa ne. Ribas na rabin mil tsakanin duwatsu, kai kaɗai, rana na faɗuwa, ba abin da zan yi wa maƙiyi fata ba ne. Kada kuma ka sauka a busasshen kwari komai kyan yashinsa. Ruwan da aka yi a kan dutse nesa yana zuwa ba sallama.

Na huɗu kwanan wucewa. Wasu rassan kantin Walmart da na gidan abinci Cracker Barrel suna barin mutum ya kwana dare ɗaya, amma ya danganta da manaja da dokar gari, saboda haka kira ka tambaya. Ba a kwance tirela, ba a fito da kujera, da safe a kama hanya. Akwai kuma Harvest Hosts, rajistar shekara da ke ba ka kwana a gonaki da gidajen tarihi, da sharaɗin ka sayi wani abu wurin mai gida. Da yawa daga masu masaukinsu gidajen giya ne, sai ka tace ka zaɓi gona.

7. Ranar tafiya da sauka

Masu wannan harka suna da ƙa'idar uku-uku: kada ka wuce mil 300, ka isa kafin ƙarfe 3, ka kwana 3. Ga mai tuƙi shi kaɗai ni 200 nake cewa. Gudu mil 60 zuwa 65, a California kuwa doka 55 ce ga mai ja. Mai zai ninka ci kusan biyu, ka fara neman gidan mai tun tanki na rabi. Auna tsayin tirelarka har kan na'urar sanyaya ɗaki ka manna a gaban sitiyari. Taswirar waya ba ta san kana ja ba: hanyoyin da ake kira parkway a New York an hana tirela, kuma ramukan ƙarƙashin ruwa na Baltimore ba a shiga da tukunyar gas irin tamu. In za ka kudu kusa da iyakar Meziko, akwai shingayen jami'an kan iyaka, kamar na Sierra Blanca a kan babbar hanya ta 10 a Texas. Takardunka su kasance a kusa.

Ka iso, ga jerin. Duba sandar wuta da na'urar kariya kafin ka gyara tsayuwa. Daidaita hagu da dama da tubala tun tirela na ɗaure. Sa waigi. Sai bayan waigi ake kwancewa, ko da wurin ya yi kama da faranti. Daidaita gaba da baya da jak. Sauke ƙafafun kusurwa, su na hana girgiza ne, ba na ɗagawa ba. Kashe makunnin sanda, jona, kunna. Wutar amfiya 30 wat 3,600 ce kawai: na'urar sanyi da tukunyar shinkafa da butar lantarki a lokaci ɗaya, sai duhu.

Daga nan tura wa wani na gida ainihin inda kake da ranar tashi. A daji ni ina barin mota ta fuskanci hanyar fita, makulli a wuri ɗaya kullum. Wurin da zuciyarka ba ta kwanta da shi ba, tashi, ba sai ka nemo dalili ba. Inda babu sabis, Starlink ko ƙaramar na'urar saƙo ta tauraron ɗan'adam ta cancanci kuɗinta. A ƙasar beyar, daddawa da busasshen kifi ba sa kwana a waje.

8. Tankuna, gas da sanyi

Tanki uku ne: na ruwan sha, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na masai. Ko kana jone da rami, bar na masai a rufe sai ya kai kashi biyu cikin uku. In ka bar shi a buɗe ruwa zai tsiyaye, sauran ya taru ya daskare. Ranar zubarwa, na masai farko, na wanka daga baya don ya wanke tiyo. Mu masu buta a nan mun ci riba, domin tankin ruwa yake so, takarda ce ke toshe shi. Alwala sau biyar kuwa tana cika tankin wanka da sauri, shi ya sa a daji nake yinta a waje da buta. Tukunyar miya a share man ja da takarda kafin a wanke, in ba haka ba cikin zafi wari zai sanar da kai.

Gwada ƙararrawar gas da ta hayaƙi mai kisa kafin daren farko, kuma kada ka ɗumama ɗaki da murhun girki. Na'urar ɗumama tana ƙona gas amma fankarta batir take ci, tana iya shanye batir ɗaya a dare mai sanyi. Janareto a nesa da taga, kuma zanguna suna da sa'o'in shiru, galibi daga 10 na dare. Idan hasashe ya nuna za a sauka ƙasa da digiri 32 a ma'aunin Amurka, wato sifili a namu, cika tankin ciki tun da yamma, cire tiyon waje ka tsiyaye shi, ka bar ƙofofin akwatunan da bututu ke bi a buɗe don ɗumin ɗaki ya kai gare su.